BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: Jan Kunne Ga Masu Neman Ɗaukar Iyali Zuwa Ƙasashen Waje

Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Kontagora ya san yadda al'amarin yake gudana. Bayan an sauko daga masallacin Juma'a, ko kuwa da hantsin Asabar, sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wakilin ango ya nemi aure, waliyyin amarya ya ce ya bayar, a ambaci sadaki a miƙa shi a gaban shaidu, liman ya yi addu'a a shafa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar wa na nesa, sa'an nan a raba goro da dabino kowa ya kama gabansa. Sau da yawa tun daga farko har ƙarshe ba wanda zai ɗauki alƙalami. Aure kuwa ya ɗauru, a wurin Allah ya ɗauru, a dokar Nijeriya ma ya ɗauru, domin dokar ƙasar nan ta amince da auren Musulunci da na gargajiya kamar yadda ta amince da na rajista.

Ba a ganin aibin wannan hali sai ranar da angon ya yi nisa. Kontagora gari ne na kan hanya, babban titin da ya taso daga Ikko ya bi ta Badun da Ilori da Jebba da Mokwa ya nufi Yawuri da Sakkwato ta cikinsa ya ratsa, saboda haka samarin garin Nagwamatse sun daɗe da sabawa da bin manyan motoci zuwa Kurmi, waɗansu da shanu, waɗansu da masara da wake, waɗansu da takardar makaranta kawai a aljihu. Daga Agege da Mile 12 da Sabon Badun kuwa, waɗansu Allah ya buɗa musu hanya suka ƙara gaba, suka sauka Ingila ko Amurka ko Saudiyya, da karatu ko da aikin asibiti ko da kasuwanci. Yanzu ga mutum ya sami wurin zama, ga matarsa a gidan iyayensa shekara biyu ko uku, yana son ta tare. Sai ofishin jakadanci ya ce da shi, kawo shaidar cewa matarka ce, kawo kuma shaidar cewa za ka iya riƙe ta. Nan ne gardi zai tarar da cewa tabarma da goro ba sa shiga ambulan.

TAMBAYAR WALIYYI CE

Galibin waɗanda wannan ya faru gare su sukan fusata, su ce wulaƙanci ne, wane ne bature da zai tambayi mutum ko zai iya ciyar da matar da ya aura da sadakinsa? Amma idan aka natsu za a ga tambayar ba baƙuwa ba ce. Ita ce dai tambayar da waliyyi ya yi tun kafin ya ba da 'yarsa: mece ce sana'ar yaron, ina zai ajiye ta, yana da wata matar ko ba shi da ita, ɗan gidan wane ne? Bambancin kawai shi ne waliyyi ya san kakan yaron, yana iya aikawa a tambayi mai unguwa, alhali kuwa ma'aikacin ofishin jakadanci bai san kowa ba, bai taɓa jin sunan unguwar ba, ba shi da mai unguwa sai takarda. Wanda ya yarda cewa ci da sha da sutura da muhalli hakki ne a wuyan miji, bai kamata ya ji haushi don an ce ya nuna ikonsa na sauke hakkin a rubuce ba.

Rubutu kuwa ba al'adar nasara ba ce kaɗai. Ayar da ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umurni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Hausawan da suka zauna a zangunan Gana kuma sun ɗanɗana kuɗarsu a watan Nuwamba na 1969, sa'ad da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardar izinin zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da suka shekara talatin suna fataucin goro da shanu, da gidajensu da 'ya'yansu, aka loda su a motoci, ba don sun yi laifi ba sai don ba su da takarda. Zamanin da alhazai ke ɗaukar iyalinsu a ƙasa su bi ta Barno da Wadai har Sudan ba mai tambayarsu komai ya wuce. Kiɗa ya sake, dole rawa ta sake.

MAGANAR KUƊI

A fara da Ingila, inda 'yan Nijeriya suka fi tururuwa a 'yan shekarun nan. A watan Yuli na 2012 gwamnatin ƙasar ta kafa doka cewa ɗan ƙasa ko wanda ya sami izinin zama na dindindin ba zai kawo matarsa ba sai yana samun aƙalla fam 18,600 a shekara. Ranar 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga adadin zuwa fam 29,000. Faɗa da baki ba ta wadatarwa. Ma'aikaci zai kawo takardun albashinsa na wata shida a wurin aiki guda, da bayanin asusunsa na banki na waɗannan watanni shida ɗin wanda zai nuna albashin yana shiga daidai da abin da takardun suka ce, da wasiƙa daga mai wurin aikin mai faɗin matsayinsa da albashinsa da ranar da ya fara. Takarda ta ƙarshe a cikinsu kada ta wuce kwana 28 da fitowa a ranar da aka shigar da buƙata. Mutane da yawa an mayar da su baya a kan wannan ƙidayar kwanaki kaɗai, alhali albashinsu ya kai.

Wanda albashinsa bai kai ba yana iya cikewa da ajiya, amma lissafinta mai nauyi ne. Fam 16,000 na farko ba a ƙirga su, abin da ya hau kai kuma sai ya ninka giɓin albashin sau biyu da rabi. Watau wanda zai dogara ga ajiya zalla sai ya nuna fam 88,500, kuma kuɗin sun kwana wata shida cur a asusunsa ko na matar ko na su biyun, tare da bayanin inda suka fito. A 2024 fam guda ya kai naira 2,000, mai karatu sai ya buga lissafi da kansa, zai ga naira miliyan 177 ke nan. Ba kuma a karɓar alkawarin wa ko kawu cewa shi zai ɗauki nauyi.

Tsarin Amurka ya ɗan bambanta. Tun daga dokar shige da fice ta 1996, mai kawo matarsa zai sa hannu a takardar rantsuwar ɗaukar nauyi da ake kira I-864, ya nuna cewa abin da yake samu ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci da gwamnati ke fitarwa kowace shekara. A 2024 wannan ya kama dala 25,550 ga gida mai mutum biyu, kowane ɗa kuma yana ƙara adadin. Babbar shaida a can ita ce takardar biyan haraji ta shekarar da ta gabata, saboda haka direban tasi ko mai shago da ya ɓoye rabin samunsa don gudun haraji, ranar da zai kawo matarsa sai ya tarar ya rubuta kansa matalauci da hannunsa. Amurka ta yarda wani ya tsaya wa mutum, in dai shi ma mazaunin ƙasar ne mai cikakken izini kuma samunsa ya kai. Sai dai mai tsayawar ya sani ba sa hannun zumunci ba ne, alkawari ne da kotu ke iya kama mutum a kansa, yana nan har sai matar ta zama 'yar ƙasa ko ta cika kimanin shekara goma tana aiki, kuma ko saki bai warware shi ba.

A Saudiyya ma ana duba albashi da irin sana'ar da ke rubuce a takardar zaman mutum, kuma tun daga Yuli 2017 aka ɗora wa baƙi harajin wata wata a kan kowane mutum na iyalinsu, wanda ya fara daga riyal 100.

To, ina wannan ya shafi ɗan Arewa da ke Ikko ko Fatakwal? Ya shafe shi domin halin da ya saba da shi a nan shi zai tafi da shi can. Ɗan kasuwa na iya juya miliyoyi a mako, amma kuɗin suna aljihun 'yar ciki, ko a adashi, ko a hannun maigida, ko an sayi shanu an ba Bafilatani kiwo. Dukiya ce ta gaske, amma a idon mai duba takarda babu ita. Mafi muni kuwa shi ne dabarar aro, watau a karɓo kuɗi wurin ɗan canji a zuba a asusu ana saura mako guda, a fitar da bayanin banki, a mayar wa mai su. Asusun da ya shekara yana rarrafe sa'an nan dare ɗaya ya kumbura, ko yaro ya duba zai gane. Kayan aro ba ya rufe katara.

MAGANAR AURE

Shaidar kuɗi rabin aiki ce, sauran rabin shaidar auren kansa. Abu na farko takardar aure, wadda ya kamata a nema tun makon biki daga kotun shari'a ko sakatariyar ƙaramar hukuma, da sunan ango da amarya da waliyyi da shaidu da sadaki da kwanan wata. In an rubuta ta da Hausa ko Larabci sai an haɗa da fassarar Turanci mai ɗauke da sunan mai fassara da sa hannunsa. Takardar da aka nema shekara biyar bayan biki, ana saura wata guda a shigar da buƙata, ba haramun ba ce, amma tana jawo tambayoyi waɗanda ta makon biki ba ta jawowa.

Na biyu, suna da shekaru. Wannan ciwo ne da ya zama ruwan dare a Arewa. Mutum guda a takardar firamare Mamman ne, a ta sakandare Mohammed, a banki Muhammadu, wani wurin ya ɗauki sunan mahaifinsa, wani wurin malamin makaranta ya liƙa masa Kontagora a ƙarshe. Matar kuwa a gida Kulu, a fasfo Hauwa'u, a katin zaɓe Hauwa. Shekarun haihuwa an rage don makaranta, an sake ragewa don neman aiki. A da ana wucewa da haka, amma tun da aka kawo lambar banki ta BVN a 2014, aka kuma ɗaure fasfo da lambar ɗan ƙasa ta NIN, na'ura ce ke gwada takarda da takarda, ita kuwa ba ta san Kulu ita ce Hauwa'u ba. Dokar 1992 ta ɗora rajistar haihuwa a kan Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, waɗanda aka haifa kafin nan kuma sukan yi rantsuwar shekaru a kotu hukumar ta ba su takardar tabbatarwa. Gyaran suna yakan ci watanni da zirga-zirga zuwa Minna, saboda haka a fara shi tun ba a matsu ba.

Na uku, auren baya. In ɗayansu ya taɓa aure, sai an nuna yadda auren ya ƙare, da takardar saki ko ta rasuwa. Sakin da aka yi da baki cikin fushi, ko aka rubuta a fallen littafin ɗan makaranta aka ba yaro ya kai, yana bukatar a je gaban alƙali ya tabbatar da shi a ba da takardar kotu. Mai mace fiye da ɗaya kuma ya san matsayinsa tun da wuri. Dokar Ingila ta 1988 ta hana a shigo da mace ta biyu muddin ta farko ta riga ta shiga a matsayin mata kuma auren yana nan, Amurka kuwa auren farko kaɗai ta sani muddin bai mutu ba. Wanda ya ɓoye uwargida don ya shigar da amarya, ranar da 'ya'yan uwargidan za su nemi bin ubansu asirin zai tonu, ya jawo wa kowa.

Na huɗu, shaidar zaman tare. A nan kunyar Bahaushe takan cuce shi. Ango ba ya halartar ɗaurin aurensa sau da yawa, wani ma yana ƙetare aka ɗaura, amarya kuwa tana cikin gida. Dokar Amurka ba ta lissafa auren da aka ɗaura ba a gaban ma'auratan biyu ba sai an tabbatar sun tare daga baya, Ingila ma ta shardanta lalle sun taɓa haɗuwa ido da ido. Saboda haka hatimin filin jirgi a tsohon fasfo, da tikitin zuwa gida, da hotunan biki da na suna, duk shaida ne, kada a yar. Haka kuma kuɗin cefane. Ɗa nagari yakan aika wa mahaifiyarsa ko wansa ya ce a ba iyali, ko ya ba direban da zai wuce gida, domin aika wa mace kai tsaye kamar rashin kunya ne. Ladabi ne mai kyau, amma sakamakonsa shekara uku yana ciyar da mace babu layi guda da ya nuna haka. Ba wanda ya ce a daina aika wa tsohuwa. A buɗe wa matar asusu da sunanta, nata kason ya riƙa shiga can kowane wata.

Ita matar kuma ba kaya ba ce da za a yi wa takarda a ɗora a jirgi. Ita za ta je Ikko ko Abuja a ɗauki hoton yatsunta. Mai zuwa Ingila sai ta yi gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, ta kuma ci jarrabawar Turanci ta matakin farko, ji da magana. Mai zuwa Amurka sai ta kawo takardar 'yan sanda ta rashin laifi, likitansu ya duba ta, sa'an nan ta tsaya ita kaɗai gaban ma'aikaci a ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke Ikko ta amsa tambayoyi. Matar da ba ta san aikin mijinta ba, ba ta san sunan garin da yake ba, ba ta iya furta cikakken sunansa saboda alkunya, yaya baƙo zai gaskata matarsa ce? Iyayen da suka cire yarinya daga makaranta suka aurar da ita ga na ƙetare suna murna, su sani sun rufe mata ƙofar da suke fatan ta shiga. Ingila ba ta ma sauraron buƙatar in ɗayansu bai cika shekara 18 ba.

'YAN KAMASHO

Duk inda aka sami mai gaggawa da jahilcin ƙa'ida, nan 'yan kamasho ke kafa rumfa. Mazauna Ikko ba sa bukatar a gaya musu abin da sunan Oluwole ya shahara da shi. Za a ce da mutum ya kawo kaza a buga masa takardar aure da bayanin banki da wasiƙar wurin aiki kafin la'asar. To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ofisoshin nan suna tuntuɓar bankuna da wuraren aiki, kuma a dokar Ingila wanda aka kama da takardar jabu ana iya hana shi shiga har shekara goma, a Amurka kuwa hanin na iya zama na har abada. Abin takaici shi ne sunan matar ne ke kan buƙatar, ita za a yi wa tambarin, ita da ba ta ma san abin da aka cusa a ambulan ba. Ɗan kamasho ya ci kuɗinsa ya sake rumfa, aure na gaskiya ya zama abin zargi saboda takardar ƙarya.

INDA GASKIYAR MASU ƘORAFI TAKE

Ba za a ce masu ƙorafi ba su da hujja ba. Ma'aunin fam 29,000 ya fi ƙarfin leburori da yawa ko a cikin Turawan kansu, ya mai da zama da iyali gatan mai hali. Ƙofar kuma takan rufe ba tare da laifin kowa ba. Daga Janairu 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, daga 11 ga Maris na shekarar ta hana masu aikin kula da tsofaffi. Amurka ta dakatar da bizar zama ga 'yan Nijeriya a farkon 2020, aka ɗage a Janairu 2021, sa'an nan a Disamba 2025 aka sake sa Nijeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza. Cikar takardu ba ta buɗe ƙofar da gwamnati ta kulle. Amma wannan hujja ce ta ƙara shiri, domin ƙofar da ke buɗewa tana rufewa mai kaya a ɗaure ne kaɗai ke wucewa ta cikinta. Har ila yau ya wajaba saurayi ya binciki dokar ƙasar da zai je tun kafin ya karɓi 'yar mutane, ya gaya wa waliyyi gaskiya ko tarewa za ta yiwu ko ba za ta yiwu ba. Barin yarinya shekara biyar a ɗaki, ba ita ga aure ba ita ga zawarci, zalunci ne ko da wace doka ce ta jawo shi.

Hukumomi ma da nasu. Ya kamata kotunan shari'a da ƙananan hukumomin masarautar Kontagora, daga Kontagora har Mariga da Magama da Mashegu da Rijau da Wushishi, su sauƙaƙa rajistar aure da saki, kuɗi kaɗan sananne, littafi mai lamba wanda za a iya komawa gare shi bayan shekara ashirin. Wannan ya ƙara zama dole ganin yadda hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka a yankin, mutane suka fito da rigar jikinsu kawai, takardu suka ƙone ko suka ɓata. Limamai su riƙa ajiye littafin ɗaurin aure a masallaci, fadar Sarkin Sudan ta umurci hakimai da dagatai su sa ido. Sarakunan Hausawa na Agege da Sabo da Shagamu kuma, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, su riƙa gayyato lauyoyi da ma'aikatan banki na kirki su wayar da kan matasa, maimakon a bar su a hannun masu rumfa.

Shi kuwa magidanci, ko yana da niyyar ƙetare ko ba shi da ita, ya sayi jaka guda ta takardu. Ya sa takardar aure da ta haihuwar kowane yaro a ciki, ya daidaita sunansa da na matarsa a ko'ina, ya riƙa bi da cinikinsa ta banki, ya ɗauki hoton kowace takarda ya ajiye a waya, ya ba matar nata kofe ta riƙe a hannunta. In tafiya ta zo, ya tarar da gorarsa a fafe. In ba ta zo ba, takardun za su yi amfani ranar sa yaro makaranta, ko ranar Hajji, ko ranar rabon gado. Allah ya haɗa kowane mai nisa da iyalinsa cikin alheri, amin.